Idan Dam Ya Ƙafe, Wa Zai Biya Manomin Rani?

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu hankalin masu noman rani a yankin Funtuwa da Malumfashi ba ya kwanciya. A lokacin ne tumatir da attaruhu da albasa suka fi buƙatar ruwa, a lokacin ne kuma ruwan ke ja da baya a madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi. Manomi ya ƙara tsawon tiyo, ya matsar da inji, ya ƙara haƙa rijiya a fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane ƙarin tsawon tiyo ƙarin kuɗin mai ne. Idan ruwan ya yanke ana saura mako uku a fara tsinka, kuɗin iri da taki da ƙwadago sun tafi ke nan.

To, wa zai biya shi?

A taƙaice, babu dokar da ta tilasta wa gwamnati ta biya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya idan hukuma ta karɓe gona don wani aiki, amma ba ta ce komai ba kan amfanin da fari ya ƙona. Abin da manomi ya saba gani shi ne tallafi: taki mai rahusa, injin ban ruwa, wani lokaci buhun hatsi. Tallafi kuwa kyauta ce, mai bayarwa ke zaɓen lokaci da wanda zai samu, kuma kowa a karkara ya san yadda sunaye ke shiga takarda.

Hanya ɗaya da ta yi kama da diyya ita ce inshorar noma. Gwamnatin tarayya ta kafa tsarin a 1987, hukumar NAIC ke tafiyar da shi, kuma fari na cikin asarar da aka ce za a biya. Gwamnati ma na ɗaukar rabin kuɗin inshorar amfanin gona na abinci. Sai dai mafi yawan masu wannan inshora sun same ta ne ta hanyar bashin banki, kamar shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Mai rabin eka a Danja ko Kafur, wanda ɗan kasuwa ya ba shi bashin taki kan zai biya da kwandunan tumatir, ba ya cikin lissafin. Wasu kuma na ƙyamar inshora saboda dalilin addini, ko da yake yanzu akwai tsarin inshorar Musulunci na takaful.

A wasu ƙasashe lamarin daban ne. A 2023, da kogin Kolorado ya yi ƙasa, gwamnatin Amurka ta amince ta biya kusan dala biliyan 1.2 ga manoma da birane da sauran masu amfani da ruwan a jihohi uku, domin su rage ɗiba. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne an san yawan ruwan da kowace gundumar ban ruwa ke da haƙƙi a kai, a rubuce. Kusa da gida, Nijar ta karɓi kimanin dala miliyan 3.5 a 2015 daga asusun inshorar fari na Tarayyar Afirka bayan damina ta gaza.

A wajenmu kuwa, rashin irin wannan rubutaccen haƙƙi, nan ne gizo ke saƙa. Funtuwa na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da Bankin Duniya ya fara shirin bunƙasa noma a tsakiyar shekarun 1970, amma har yau ba a auna ruwan da manomi ke ɗiba a bakin dam, kuma ba shi da takardar da ta ce yana da kaso. Mairuwa ma an gina ta ne da farko domin ruwan shan Funtuwa, saboda haka idan ruwa ya yi ƙaranci famfon gari ke gaba. Ƙasa da yashi kuma na cike madatsun shekara bayan shekara.

Kafin a kai ga maganar biyan kuɗi, sai an yi rajistar masu noma a bakin kowane dam da girman filayensu, sannan a sanar tun watan Nuwamba yawan ruwan da ke akwai, kafin manomi ya zuba jarinsa a iri da taki.