Daga igiyar guga zuwa zaren gilashi: wayar da ke gani a cikin rijiya

A arewacin gundumar Mayahi, inda ruwa ya yi nisa a ƙarƙashin ƙasa, shanu da jakuna da raƙuma ne ke jan guga. Masu shayar da dabbobi a can sun san cewa rijiya in ta yi zurfi, igiyar ma kanta kaya ce, don kafin a ɗaga ruwa sai an ɗauki nauyinta. Matsalar da ke gaban injiniyoyin man fetur ke nan, sai dai tasu igiyar da kilomita ake auna ta, kuma abin da ke rataye a ƙarshenta na'ura ce mai tsada, wadda ke buƙatar wutar lantarki, take kuma aiko da bayanai sama.

Shi ya sa kamfanonin da ke yi wa rijiyoyin mai hidima suke gwada wata sabuwar waya. A cikinta akwai zaren gilashi mai kai saƙo da haske, wato fibir optik, sannan a maimakon jan ƙarfe an sa zaren karbon ya ɗauki wutar. Zancen bai yi wa Nijar nisa ba. Tun shekarar 2011 ake haƙo mai a Agadem ana tace shi a matatar SORAZ ta Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, kuma bututun da ke kai ɗanyen mai gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ratsa jahar Maradi. Amma ga mutanen Tasawa da Mayahi, inda abin ya fi muhimmanci shi ne rijiyoyin ruwan sha.

Aikin zura na'ura cikin rijiya ya samo asali a Faransa. Ranar 5 ga watan Satumba na 1927, a Pechelbronn da ke yankin Alsace, ma'aikatan ƴan'uwan nan biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka zura wata na'ura a waya domin auna yadda kowane ɓangaren dutse ke barin lantarki ya wuce. Dutsen da ya sha ruwan gishiri yana barin wuta ta bi ta cikinsa da sauƙi, wanda ya sha mai kuma yana tare ta. Da wannan bambancin ake zana hoton rijiya daga sama har ƙasa, aikin da masu haƙa a nan ke kira diyagarafi.

Wayar da aka saba amfani da ita har yau ba ta canza siffa sosai ba. A tsakiya akwai silin jan ƙarfe ɗaya ko bakwai, kowane a lulluɓe da roba, sai a naɗe su da wayoyin baƙin ƙarfe hawa biyu, ɗaya an murɗa dama ɗaya hagu, kamar yadda matuƙin igiya ke yi don kada ta warware. Mai sili bakwai takan kai kusan kilo 500 a kowace kilomita. Rijiyar kilomita 5 ke nan tana rataye da tan 2 da rabi na waya tun ba a sa na'urar a lissafi ba. Akwai zurfin da in aka kai, wayar za ta tsinke da nauyin kanta. Ga kuma zafi, don duk mita 100 da aka nutsa ƙasa zafi na ƙaruwa da kusan digiri 3. Ga iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin wasu rijiyoyin, wadda ke cin jan ƙarfe, take sa baƙin ƙarfe ya yi gautsi.

Abin da zaren gilashi ke ji

Zaren fibir optik kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, kuma shi ne dai irin wanda ke kawo intanet. Yana ɗaukar bayanai ninkin-ba-ninkin abin da jan ƙarfe ke iya ɗauka. Amma abin da ya sa masu rijiya suka ƙwallafa rai a kansa wani ne dabam: zaren kansa ma'auni ne.

Ga yadda abin yake. A bakin rijiya akwai akwati mai harba ɗan guntun hasken leza cikin zaren. Yayin da hasken ke tafiya, wani ɗan kaso nasa na dawowa baya daga kowane wuri da ya bi, kamar amsa-kuwwa. Haske na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin gilashi, saboda haka zuwa da dawowar mita guda na ɗaukar kashi 1 cikin miliyan 100 na daƙiƙa. Akwatin na ƙirga wannan lokaci, sai ya san daga wane zurfi hasken ya dawo. Ƙarfin wani launi na hasken da ya dawo kuma yana ɗan sauyawa gwargwadon zafin wurin, abin da masanin nan ɗan Indiya, C. V. Raman, ya gano tushensa har ya samu kyautar Nobel a 1930. Sakamakon shi ne a ga zafin rijiya mita bayan mita, a lokaci guda, ba tare da an motsa komai ba. Da wata dabarar makamanciyar wannan, zaren kan zama kunne: yana jin motsin ruwa, da yashi mai shiga, da inda bututu ke yoyo.

Sai dai gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Na'urar da ke ƙasa in tana da injin da zai juya ko kyamara da za ta haska, dole a kai mata wuta ta wata hanya. Nan ne karbon ya shigo.

Karbon shi ne sinadarin gawayi da bakin fensir. Duk wanda ya taɓa fasa tsohon batirin tocila don shafa wa allon makaranta baƙi ya ga wata baƙar sanda a tsakiyarsa. Karbon ce, kuma aikinta ɗaukar wuta. Wanda ake magana a kai a nan ƙananan bututai ne na karbon da ido ba ya gani, waɗanda gashin kai ya fi su kauri fiye da sau 10,000. Masanin Japan Sumio Iijima ne ya fito da su fili a 1991. A 2013 masu bincike a jami'ar Rice ta Amurka, tare da kamfanin Teijin Aramid, suka nuna cewa ana iya kaɗa su su zama dogon zare kamar na auduga. Zaren bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jan ƙarfe ba, ba ya tsatsa, ga shi da ƙarfin ja, har ana sa ran abu ɗaya ya yi aikin jan ƙarfe da na baƙin ƙarfe gaba ɗaya.

A nan ya kamata a yi hattara da zuzutawa. In aka ɗauki kauri iri ɗaya, zaren karbon mafi kyau da aka samu a ɗakin bincike bai kai wutar da jan ƙarfe ke ɗauka ba. Sai an auna da nauyi yake kusantarsa. Haɗa bakinsa da na'urar ƙarfe na da wuya, kuma har yanzu ba a yin sa da yawa balle ya yi araha. Abin da ya riga ya shiga aiki shi ne karbon a matsayin ƙashin baya ko riga. Kamfanin Ziebel na ƙasar Norway ya yi sandar karbon mai ɗauke da zaren gilashi a cikinta, wadda ake turawa cikin rijiya. Ana kuma shafa wa zaren gilashi siririn karbon don tare iskar haidurojin, wadda a wuri mai zafi ke kutsawa cikin gilashin ta dusashe haskensa. Ɓangaren gilashi ya nuna, na karbon mai ɗaukar wuta kuwa da sauransa.

Tasawa da Mayahi

Rijiyoyin burtsatse na wannan yanki, waɗanda aka fi sani da foraji, zurfinsu bai kai inda nauyin waya zai zama matsala ba. Jan ƙarfe ya ishi famfon da ke cika shato a Kanambakashe ko Maijirgi. Abin da zai yi amfani shi ne zaren gilashin shi kaɗai.

Dalili kuwa, ruwan ƙasar nan hawa-hawa ne. A kwarin Gulbin Kaba akwai na kusa, cikin yashi, wanda damina ke ƙara wa. Can ƙasa akwai tsohon ruwa na babban kwarin Iullemmeden, wanda Nijar ke tarayya a kansa da Najeriya da Mali. Foraji guda na iya ratsa hawa da dama, kuma ba duka ne ke da ruwa mai kyau ba. Jahar Maradi ta ɗanɗana wannan a Tibiri, inda tun daga tsakiyar shekarun 1980 yara suka yi ta shan ruwan forajin da sinadarin fuliyo ya yi masa yawa, fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe. Zaren gilashi ba ya auna fuliyo, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Abin da yake nunawa shi ne ta ina ruwan ke shigowa, tun da na ƙasa ya fi na sama ɗumi. In an san hawan da ke kawo gurɓataccen ruwa, ana iya toshe shi a bar sauran, maimakon a rufe foraji gaba ɗaya. Haka nan in ruwa ya ragu, ana iya bambance ko ƙasa ce ta ƙafe ko rariyar bututu ce ta toshe. Bambancin kuɗin gyara da na sabon haƙa ba kaɗan ba ne ga ƙaramar hukuma.

Zaren ba shi da tsada. Akwatin lezar ne ke cin miliyoyin sefa, amma guda ɗaya na iya yawo daga foraji zuwa foraji. Da hukumar ruwa ta jaha da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi za su haɗa hannu a kan guda, zai ishi gundumomi da dama, ɗalibai kuma su samu wurin koyo. Kafin nan, akwai abin da magajin gari ko kwamitin ruwa zai iya nema ranar da ɗan kwangila ke miƙa foraji: takardar diyagarafi, zurfin da aka sa kowace rariya, da sakamakon gwajin ruwa mai ɗauke da adadin fuliyo, a ajiye kwafinsu a ofishin ƙaramar hukuma.