Haƙƙin Ɗan Haya Game da Yarjejeniya da Kuɗin Lantarki

Ma'aikacin da aka tura Gozaki ko Malumfashi, galibi haya yake kamawa. Wajibi ne ya san cewa haya alkawari ce mai ɗaure mutum biyu. A fiƙihun Malikiyya, in an yanke kuɗi da wa'adi, mai gida ba shi da ikon yin ƙari shi kaɗai kafin wa'adin ya cika. A dokar ƙasa kuwa, in babu wani sharaɗi dabam, notis ɗin mai biyan shekara-shekara wata 6 ne, na mai biyan wata-wata kuma wata 1. Fitarwa aikin kotu ne. Yaye rufi ko garƙame ƙofa keta doka ne.

Sai batun lantarki. Tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a Katsina, Kano da Jigawa. Bisa ƙa'idar hukumar NERC, marar mita da ya musanta kuɗin ƙiyasi zai ci gaba da biyan adadin ƙarshe da ya amince da shi, ya kai kukansa ga kamfanin a rubuce, in bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa hukumar.

Saboda haka, ran shiga gida, a rubuta kuɗin haya, da wa'adi, da bashin wutar da aka tarar, a gaban shaidu biyu.