Idan Shafi Ya Ƙi Buɗewa, Ba Kullum Ba Ne Laifin Netwok

Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ko aka buɗe shafin neman aiki, shagunan intanet kan cika maƙil da matasa. Kowa na ta danne-danne, shafi kuma ya kafe da wani ɗan rubutu mai lamba 502 ko 504. Amsar da ke bakin kowa ɗaya ce: netwok ne. Alhali bayyanar lambar nan ita ce shaidar cewa netwok ya sauke nauyinsa. Saƙonka ya isa inda aka aike shi, a can ne wata kwamfuta ta amsa cewa ta gaza.

Wannan kwamfutar ita ake kira uwar garke. Aikin da ke cikinta ya kasu uku, kamar yadda ake yi a gidan sayar da abinci: akwai mai tarbar baƙi a bakin ƙofa, akwai mai girki a madafa, akwai kuma ɗakin ajiyar kayan abinci. Mai tarbar baƙin galibi manhajar Apache ce, wadda ta fito a 1995, ko Nginx da Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004. Mai girkin shi ne manhajar da ke gudanar da ainihin aikin, irin su Tomcat ko Gunicorn. Ɗakin ajiyar kuwa rumbun bayanai ne kamar MySQL ko PostgreSQL, inda sunanka da makinka suke.

Da ka fahimci wannan, lambobin sun zama bayani. 404 na nufin babu abin da ka nema a wannan adireshi. 500, manhajar ta yi tuntuɓe tana tsaka da aiki. 502, na ƙofa ya tuntuɓi na ciki bai sami amsa mai ma'ana ba, wataƙila ma na cikin ya mutu. 504 kuwa ya jira har ya gaji, kuma Nginx daƙiƙa 60 yake jira idan ba a sauya masa saiti ba.

Saitin nan shi ne zuciyar maganar. Kowace manhaja tana zuwa da wasu alƙaluma da masu ita suka zaɓa ba tare da sun san ka ko yawan jama'arka ba. Tomcat yana aiki a kan buƙatu 200 a lokaci guda, sauran su bi layi. MySQL yana karɓar haɗi 151, PostgreSQL kuma 100. Nginx ba ya karɓar fayil da ya wuce megabayit ɗaya, shi ya sa wani ɗalibi zai wuni yana ƙoƙarin ɗora hoton takardar shaidarsa ana mayar masa da lamba 413, alhali layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti ba a gyara ba. A ranakun da babu cunkoso waɗannan alƙaluma ba sa damun kowa. Ranar da dubban mutane suka shigo a tare, sai a ga ma'aikatan Tomcat 200 na kokawar shiga rumbun da ke ɗaukar 151, kowa na jiran wani, har na ƙofa ya fara raba 504.

Mai ƙarancin gogewa sai ya ce to a ninka alƙaluman. A nan ake yin gyaran gangar auzinawa. Kowane ma'aikaci da aka ƙara yana cin nasa kason na ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma idan ta cika, Linux da kansa yakan kashe manhajar da ta fi ci don ya tsira. Sau da yawa ma tushen matsalar wata tambaya ce guda da ake yi wa rumbu, wadda aka rubuta da sakaci har take cin daƙiƙa goma a inda ƙiftawar ido ta isa.

Shi ya sa gwani ba ya fara taɓa komai sai ya karanta rajista. Kowace manhaja tana rubuta abin da ya same ta, da sa'a da minti. A can zai ga ko faifan ajiya ne ya cika, ko takardar tsaron shafin ce wa'adinta ya ƙare (ta Let's Encrypt, alal misali, an saba ba ta kwana 90), ko an hana manhajar izinin karanta wani fayil. Kashe na'ura a sake kunnawa yakan dawo da shafi na ɗan lokaci, ban musa ba, amma yakan share halin da na'urar take ciki lokacin da ta tsaya, kuma gobe cutar na nan dawowa.

Tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: me aka sauya? Manyan kamfanonin duniya sun biya kuɗi mai yawa kafin su riƙe ta. A ƙarshen Yuli, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sa sabuwar manhaja a uwayen garkensa takwas, aka manta da guda. Ranar 1 ga Agusta, wannan gudar ta tayar da wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi, ta riƙa saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Abin da ya fi ciwo, binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya nuna cewa na'urorin sun aika saƙon imel 97 masu nuni da matsala kafin a buɗe kasuwa, ba wanda ya ɗauki mataki a kansu.

A 28 ga Fabrairu, 2017, wani injiniyan Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, ya cire uwayen garke fiye da yadda ya yi niyya, shafuka da dama suka tsaya na kusan awa huɗu. Har allon da kamfanin ke sanar da matsala a kai ya kasa nuna gaskiyar lamarin, don shi ma ya dogara ne da abin da ya lalace. Na 4 ga Oktoba, 2021 kuwa mun ji shi a jikinmu: Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, 'yan kasuwar da ke ciniki ta waya suka zauna jugum. Ba 'yan kutse ba ne, umarni ne da aka bayar lokacin gyara.

Abin da ke damuna game da cibiyoyinmu shi ne ana ware kuɗin gina shafi, ba a ware na kula da shi. Ɗan kwangila ya gama, an yanke kirtani, ya tafi da kalmar sirri a kansa, ba wanda ya san abin da aka saita ko dalilin saita shi. Ga shi gyaran bai kai ginin tsada ba. A ajiye fayilolin saiti a manhaja irin Git, yadda kowane sauyi zai zo da sunan mai shi da ranarsa, kuma a iya komawa na jiya cikin minti biyu. A gwada sauyi a wata na'ura dabam kafin a kai shi inda jama'a suke. Ranar sakin sakamako kuwa ba ta zuwa ba zato, an san ta tun da makonni. Akwai manhajoji na kyauta irin su JMeter da ke kwaikwayon shigowar dubban mutane a lokaci guda, kuma mako ɗaya kafin ranar za su nuna wa hukuma daidai inda shafinta zai karye.