Itatuwan Kakanninmu Ba Su Mutu Ba

'Yan'uwa manoma, wanda duk ya fito birnin Zazzau ta Ƙofar Kibo, in ya waiwaya zai hangi rimaye sun yi wa gari laima. Amma in ya miƙe zuwa gonakinmu na ƙauye fa? Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya sai raguwa suke yi, darbejiya kuwa tana tsirowa a kowace iyakar gona.

Darbejiya baƙuwa ce. Asalinta daga Indiya ne, an fara shuka ta a Barno a 1928. Ba mu raina inuwarta ba. Amma tsuntsaye da jemagu suna baza 'ya'yanta ko'ina, har ta tsiro a gindin ƙaramar ɗorawa ta danne ta. Kuma matanmu ba za su sami kalwar daddawa ko man kaɗe a jikinta ba.

Mun sha yin dashe da damina, rani na yi awaki su cinye. Haka mutanen Maraɗi a ƙasar Nijar suka yi ta fama. Sai a 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa tohon da ake sassabewa kowace bazara na kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara ƙyale shi ya girma. Cikin shekara ashirin, wajen hekta miliyan 5 suka sāke samun itatuwa a Nijar, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana.

To, ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi kafin sharar gona:

1. A zaga gonar, a gane kututturan itatuwanmu na gado.
2. A kowane kututture a bar toho uku zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran da kaifafan gatari.
3. A ɗaura musu tsumma domin masu kiwo su san da mai su.
4. A tumɓuke ƙananan darbejiya har saiwa, gama in an sare ta kawai takan sāke toho.
5. Kada a sa wuta kusa da su.

Wannan aiki ba ya cin ko kwabo. Ubangiji ya ba mu amanar ƙasar nan. In mun bar ɗorawa ta ƙare, me za mu ce wa jikokinmu?