Kafin ka sauya wa motarka fuska, tuna da hanyar gida

Yanzu ana yayin ɓalle bambar mota, wadda muke ce wa parashok, a ɗora wata mai faɗi, har tsohuwar Hilux ko Corolla ta yi kama da sabuwa. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun irin waɗannan kaya.

Aikin yana son haƙuri. Makanike zai fara cire kan batir, ya kwance notuna, ya zare ƙananan maƙalan roba, sannan ya raba wayoyin fitila. In ya fizga da ƙarfi, maƙalan su karye, sabuwar bamba ta dinga rawa. Kuma kar ka yarda a yanke ƙarfen da ke bayanta don sabuwa ta zauna. Roba ado ce, ƙarfen nan shi ke shan duka ranar hatsari.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yawancin bambobin adon nan suna saukowa ƙasa sosai. A kan kwaltar Tasawa zuwa Maraɗi ba laifi. Amma El Allassane Maïreyrey, sunan ma ya faɗa maka: rairayi ne. Bamba za ta tokari yashi ta tsage, kuɗinka sun tafi a banza.

Kai kuma ɗan uwa mai aiko da kuɗin sayen mota, sabuwar fuska ba ta rage mata shekaru. A duba shekarar da ke cikin takardunta, a gwada lambar shasi da wadda aka rubuta, kafin a biya.

Allah Ya kiyaye hanya.