Masussuka kafin rumbu

Manomin da ya ci bashin taki da damina ya san hatsin da ke jibge a masussuka bai zama nasa ba tukuna. Mai taki zai zo da buhunsa, mai shanun huɗa ya zo da nasa, 'yan ƙwadago na gefe suna jira. Abin da ya saura bayan an auna musu shi ke shiga rumbu. Haka dukiyar mamaci take, sai dai magada kan hangi tsibin su fara lissafi da shi duka.

Jerin kuwa sananne ne: likkafani da hidimar binnewa, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, gado a ƙarshe. Ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun ajiye rabo bayan wasiyya da bashi. Shi ya sa a maƙabarta, tun ba a karkaɗe ƙasar hannu ba, dattijo kan miƙe ya ce duk mai bin marigayi ya nemi ƙaninsa wane. Kowa ya ce to, a watse. Rigima sai bayan sadakar arba'in, ran da wani ya yi sallama da dogon lissafi, babu ko guntuwar takarda.

A gaban alƙali, mai bin mamaci ya fi mai bin rayayye shan wuya, kuma a ganina daidai ne. Wanda zai ce "ai na biya ka ran kasuwa" yana kabari. Don haka a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalanmu ke aiki da ita, ko mai bin bashin ya kawo shaidu adalai sai ya ƙara da yaminul ƙada'i: ya rantse ba a biya shi ba, bai yafe ba, bai kuma tura bashin kan wani ba. Masu ƙarar da dama a nan muryarsu ke yin sanyi.

In hatsin bai cika buhunan ba, kowa ya samu gwargwadon nasa. A ce ɗaya na bin naira dubu 600, ɗaya dubu 300, dukiya kuwa dubu 450 ce: na farko ya karɓi dubu 300, na biyu dubu 150. Ba a tilasta wa 'ya'ya su cika daga aljihunsu. Wanda ya cika, alheri ya yi wa mahaifinsa.

Inda nake jin ƙaiƙayi shi ne, sanarwar maƙabarta ba ta da ranar rufewa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai bin bashi kan samu wata 4 daga naɗa mai kula da dukiyar ya gabatar da da'awarsa, in an ƙi ta kuma yana da kwana 90 ya kai ƙara. Mu kuwa, mai bin bashin da ya tabbata zai iya ɓullowa bayan rabo, a koma wa magada su fito da abin da suka karɓa, alhali wani ya riga ya sayar da gonarsa ya aurar da 'ya da kuɗin.