Nisan Yamai da Damagaram: ta sama da ta ƙasa

Idan aka tambayi nisan da ke tsakanin Yamai da Damagaram, amsa biyu ce ake samu, kuma dukansu daidai ne. Matuƙin jirgin sama zai ce kimanin kilomita 745, direban mota kuwa zai ce kusan 900. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba inda bambancin ya fito.

Nisan sama shi ne miƙaƙƙen layin da ke haɗa garuruwan biyu a bisa taswira, kuma ana iya lissafa shi ba tare da an taka ƙasa ba. Yamai tana wajen digri 2,1 gabas, Damagaram wajen digri 9. Tazarar ke nan kusan digri 6,9. A daidai inda garuruwan suke, wato tsakanin digri 13 da 14 arewa, kowane digri guda daga yamma zuwa gabas yana ɗaukar kilomita 108. In aka riɓanya, sai a samu 745. Da yake garuruwan suna kusan kan layi ɗaya, ɗan hawan da ake yi zuwa arewa ba ya ƙara wani abin kirki. Wannan tazara ce kuma ke sa rana ta riga faɗuwa a Damagaram da wajen minti 27, ko da yake agogon ƙasa guda ne. Mai azumi ya san haka sarai.

Ita kuwa hanyar gudron, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, garuruwa da kasuwanni take bi. Daga Yamai sai ta karkata kudu maso gabas, ta ratsa Dallol Boso ta kai Doso, kimanin kilomita 140. Daga nan ta hau arewa maso gabas zuwa Dogon Dutsi, ta bi gefen iyakar Najeriya har Birnin Ƙonni, inda ake da wajen kilomita 420. Ta wuce Galmi da Madawa, sannan ta sake gangarowa ta Gidan Rumji zuwa Maraɗi, wajen kilomita 660. Saura Cadawa, Gazawa, Tasawa da Takeita kafin Damagaram. Waɗannan gwiwoyi su ne ke ƙara kilomita 150 ɗin, wato kashi 20 cikin 100 bisa nisan sama. A ganinmu wannan ƙari bai yi yawa ba, in aka dubi yawan jama'ar da hanyar ke ɗauka.

Tawa ce ta fi nuna abin. Ta sama kimanin kilomita 375 ne daga Yamai, amma mai mota sai ya je Ƙonni tukuna, ya karya arewa a Tsarnawa, ya yi wajen 550. Ƙarin ya kusa rabi.

Sai dai matafiyi da lokaci yake auna tafiya. Jirgi mai farfela da ke gudun kilomita 500 a awa zai kai Damagaram cikin awa ɗaya da rabi, ban da jiran filin jirgi. Motar fasinja kuwa, in aka haɗa tsayawar salla da ta abinci, binciken jandarma da duwan, da wuraren da gudron ya lalace, da wuya matsakaicin gudunta ya wuce kilomita 65 a awa, wato kusan awa 14. Shi ya sa ake tashi tun da asuba. Ga majinyacin da aka tura asibitin Yamai, ko ɗalibin da jarabawa ke jira, wannan lissafin ne ke da nauyi.

Nisan ya daɗe yana da tasiri ga mulki ma: Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mai da shi Yamai, bakin kogin Kwara, can ƙuryar yamma.